Reshen da Aka Kafa a Tagata

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce da ita ce uwata da tuni ta ɗaure ni da igiya ta kai wa Bastien har gida. Na gode, 'yar'uwa. Ki bari ki ji abin da ya faru ranar ɗaya ga watan Mayu tukuna, sannan ki ƙaro min wanda ya fi wannan zafi, don yau ni ma ba na goyon bayan kaina.

Ga waɗanda yanzu suka fara bina, ni ce Perrine, 'yar masaukin baƙin da ke gindin Fada a Montarel. Garinmu a kan tsauni yake, a can ƙoli kuma tsohuwar fadar dutsen nan ce da rabin hasumiyarta ya zube tun kafin a haifi kakan kakana. Ita baƙi ke zuwa gani. Su hau suna haki, su yi hoto, su bi turbobin daji da sandunansu, da yamma su dawo su sha miyar Mama suna cewa mun ji daɗinmu da muke zaune a nan. Ni dai nakan yi murmushi in kwashe kwanuka.

Bastien shi ke gyaran katangar Fada. Ranar hutu kuma ya ɗauki gwangwanin fenti ya bi turbobi yana sabunta alama a jikin duwatsu da itatuwa. Layi ɗaya rawaya yana nufin nan ce hanya, ci gaba. Layi biyu a gicciye yana nufin ka ɓata, koma baya. Maganar bakinsa ma ba ta fi haka tsawo ba. Bara, ranar da aka gama yankan inabi, ya tsare ni a bakin rijiyar Fada ya ce yana so in zama matarsa, ni kuwa na ce ya ba ni lokaci. Ba wai ba na sonsa ba ne. Ina da aikina a shagon tabarau a birnin Dijon kafin Baba ya rasu in dawo taya Mama, kuma rabin raina yana can. Ya ce to. Bai sake ɗaga zancen ba, ni kuma na miƙe ƙafa ina ta jan aji, don a zatona mutumin da ke wuni da dutse ba ya gusawa daga inda aka ajiye shi.

Mama kuwa ta mai da zancen abin karyawa. Kullum da safe, kafin gahawa ta huce, sai ta tuna min shekaruna, ta tuna min wa zai riƙe masaukin in ƙafarta ta gaza, ta rufe da cewa yaron kirki ba ya kwantai. Kaka Huguette, mahaifiyar Mama, ita da dariya take nata. Angona take ce masa, kuma ta sha gaya min in na ƙara wata ɗaya ina yanga ita za ta sa jan baki ta karɓe abinta.

Ana cikin haka Capucine ta zo.

Daga Paris take, wai tana rubuta wa masu yawon ƙafa labarin turbobinmu. Ranar da ta iso ina kasuwa a kwari, ko da na dawo Mama ta gama yanke hukunci: ɗakunan baƙi sun cika saboda hutu, don haka an ba ta ɗakina. Ɗakina fa, mai labulen shuɗi da na ɗinka da hannuna, mai gadon ƙarfen Kaka, mai tagar da ke kallon hasumiya. Tagar nan ƙyaurenta ya kwana yana buga bango duk sanyin bana, na yi ta roƙon Bastien ya gyara, kullum sai ya ce sai ya samo sabon ƙarfe daga birni. Ni kuma aka kwashe kayana a kwali aka kai ɗakin baya da ke saman rumbun itace, wanda 'yar tagarsa ba ta kallon komai sai akurkin kajin Kaka da shingen ƙaya mai farin fure.

Da mugun hali gare ta da na huta. Amma yarinyar nan ga fara'a, ga gaisuwa, har kwanonta take kaiwa madafa. Doguwa ce, gashinta a ɗaure da ɗan kyalle, takalmin hawan dutsenta sabo fil, in ta wuce sai ta bar ƙamshin lemo a matakala. Ta tambayi wanda ya san turbobi, Mama da bakinta ta ce ai ba kamar Bastien. Na kalli Mama, Mama ta kalli tukunya.

Tun daga nan kullum da safe sai in ji ƙarar gwangwanin fenti a ƙofar gida, su fita tare, ni ina shanya zannuwan gado. Wata yamma ta dawo da ɗigon rawaya a hannun rigarta, ta zauna cin abinci tana nuna min yatsu.

"Bastien ya ce hannuna ya faɗa. Ni na ja layin da ke kan dutsen mararrabar maɓuɓɓuga."

"Burushin ya ba ki?"

"Eh mana. Ba ya bayarwa ne?"

"Yana bayarwa," na ce, na tura mata cuku.

Ƙarya nake. Tare muka taso da shi, amma ranar da na taɓa burushin nan cewa ya yi in ajiye, zan ɓatar da bayin Allah a daji. An ce kishi kumallon mata, to ni nawa har ɗaci yake a harshe, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Na hau ɗakin baya na ɗauki waya na rubuta masa: "Na ga ka samu ɗaliba."

Ya amsa: "Tana ƙoƙari."

"Ai na gani. Har a hannun riga."

Sai ya turo min alamar babban yatsa. Jama'a, ku gaya min, mace ta turo maka magana mai ƙaho irin wannan ka ba ta babban yatsa? Na rubuta masa dogon saƙo, yadda aka kore ni daga ɗakina saboda ɗalibarsa, yadda nake kwana da kukan kaji, na karanta, na ga kamar ina neman tausayi, na goge.

Al'adar garinmu ce, daren shiga watan Mayu samari kan shiga daji su saro rassa, kafin gari ya waye kowace budurwar da ta kwana a garin ta tarar da nata a tsaye ƙarƙashin tagarta. Kowane itace da maganarsa. Sharm, wanda sunansa ma a bakinmu yake nufin abin da ke jan zuciya, na wadda ake so ne, ko a kafa wa baƙuwa don kara. Ƙaya ta mai kaifin baki ce. Da rana sai a hau filin Fada, kowace da burodin zumarta, wadda ta karɓi reshenta da zuciya ɗaya ta yanka yankan farko ta sa a hannun wanda ya kafa. In ya karɓa ya ci a gaban jama'a, tsofaffi sun fara kakkaɓe hulunan biki ke nan.

Ina farkawa da safen nan na tura 'yar tagata na leƙa. Ƙaya dai, ƙayar da na saba gani, da kaji suna tono. Ko tsinke ba a ajiye min ba. Ban gama haɗiye wannan ba na ji muryar Mama daga ƙofar gida tana kiran sunana kamar an yi mata albishir.

Na sauko da rigar barci da silifas. Ga shi nan, reshen sharm da ya fi ƙofarmu tsawo, ganyensa shar, an ɗaure shi a jikin bututun indararo daidai ƙarƙashin tagar ɗakina. Igiyar shuɗiya ce, ta magina, ƙullin kuwa ko a mafarki na san na Bastien ne. Maƙwabta sun taru suna yi wa Mama barka, ita kuwa sai washe baki take tana gaya wa kowa ai yaron bai san an canja min ɗaki ba. Sai labulena ya motsa, Capucine ta leƙo, gashi a sake, tana mutsuttsuka ido.

"Kai, wannan nawa ne?"

"Na ɗakin ne, 'yata," in ji Mama da sauri.

Kaka tana zaune a kan benci da sandarta. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin an auri ɗaki ba. Sannan ta dubi reshen, ta dube ni, ta ce gida mai 'yanmata biyu reshe ɗaya, samarin bana ko lissafi ba su iya ba.

Lissafin ne ya hana ni sukuni. In nawa ne, to Bastien bai san na tashi daga ɗakin ba, sauran samari kuma suka manta da baƙuwa. In nata ne, to ya sani sarai, ya zaɓa, ya bar ni ba ko ganye. Duk rayuwata ta rataya a kan tambaya ɗaya: ya sani ko bai sani ba?

Na ritsa Mama a madafa tana fito da burodin zuma daga tanda. Motoci ba sa hawa hanyarmu, a ƙofar ƙasa suke tsayawa, kuma Bastien ne ke hawo da kayan baƙi a 'yar taraktarsa. Na tambaye ta wa ya kai akwatin Capucine sama ranar da ta zo. Ta ce a ƙofa ya ajiye. Na sake tambaya.

"A ƙofa na ce miki, Perrine. Ni da ita muka ja shi sama. Ki daina neman abin da zai ɓata miki rana, je ki shirya."

Na koma ɗaki na bi saƙonninmu tun daga ranar da ta iso, ɗaya bayan ɗaya. Babu inda na ambaci ɗaki. Girman kan da ya sa na goge saƙon nan, ranar sai na ji kamar in sumbace shi. Bai sani ba. Nawa ne. Na zauna a bakin gado, kuma a nan, tsakanin kwalaye da warin itace, na ba kaina amsar da na hana shi tun bara. Dijon ta ci kanta. Na gane ba birni nake so fiye da shi ba, kawai ban taɓa tunanin wata za ta iya riƙe burushinsa ba ne.

Na sa koriyar rigata mai ƙananan maɓallai har ƙasa, wadda ya taɓa kallo ya ce "ta yi", wanda a bakin Bastien waƙa ce guda. Na sa 'yan kunnen Kaka na azurfa, na naɗe gashina na bar ɗan siriri a gefen kunne, na sa takalmi marar tsini saboda duwatsun hanya. Na shafa jan baki, na goge, na sake shafawa kaɗan. Kaka ta ce gwiwarta ba za ta kai ta Fada ba bana, za ta zauna ta ba kajinta hatsi, amma in gaida mata angonta.

Muka kama hawa. Mama ta yi gaba da ƙawayenta, ni ina riƙe da faranti a lulluɓe da farin kyalle, Capucine a gefena da wuƙa da kwalbar ruwan inabi. Ta sa jan wando da farar riga, ta ɗaura ɗan kyalle rawaya a wuya. Rawaya fa. Amma ranar na ga dama, har na yaba mata, don mai abu ba ya faɗa da ɗan kallo. Lungun da ke kaiwa Fada matsattse ne, katanga hagu da dama, ko waya ba ta samun sabis a cikinsa. Tana ta zuba, wai ba ta taɓa barci mai daɗi irin na garinmu ba, musamman tun da aka gyara ƙyauren.

"Wane ƙyaure?"

"Na tagata mana, mai buga bangon nan. Na yi wa Bastien ƙorafi, washegari sai ga shi da sabon ƙarfe. Ya hawo ɗakin ya ɗaura, kafin ki ce me ya gama. Kina kasuwa, ina ji."

Na tsaya. Ta ɗauka haki nake, ita ma ta tsaya.

"Ya shiga ɗakin?"

"To ta ina zai gyara? Har ya tambaye ni ina aka mai da ke, na ce ɗakin baya."

Ban san yadda farantin bai faɗi ba. Ƙyauren da na yi sanyi guda ina roƙo, ita kwana ɗaya ya ishe ta. Ya tsaya a ɗakina, ya ga akwatinta a kan gadon Kaka, ya ga takalminta a inda nawa ke zama, ya tambaya aka ba shi amsa. Ya sani. Ya sani ya saro sharm mafi tsawo a dajin nan ya ɗaure da igiyarsa a ƙarƙashin tagar da take kwana. Ni kuma ga ni da 'yan kunnen azurfa ina hawa tsauni da burodi, in je in sa a hannunsa gari ya kwana yana dariya. Kunya da kishi suka haɗu suka rufe min ido, sauran hawan ban san yadda na yi shi ba.

Filin Fada ya cika. An jera tebura a gindin hasumiya, masu kiɗa suna gyara kayansu, 'yanmata kowace da farantinta. Na hango Bastien tun daga ƙofa. Ya sa farar riga, ya yi aski, ya taje gashin nan da ruwa kamar mai zuwa coci, sai farcensa ne kawai fenti ya ƙi fita. Yana ganinmu ya baro abokansa ya nufo mu. Mama ta ɓullo ta bayana ta mintsine ni a kwiɓi, ta ce in yanka, me nake jira.

Na juya na ɗora farantin a hannun Capucine.

"Ƙarƙashin tagarki aka kafa, ke za ki yanka ki ba shi. Haka ake yi a nan."

Ta ce haka ake yi? Fuskarta ta haskaka. Ko ba ta san ma'anar abin ba ne, ko ta sani ta yi kamar ba ta sani ba, Allah kaɗai ya sani, don yarinyar da ke rubuta labarin gari ba ta rasa tambayar al'adarsa. Mama ta riƙe hannuna tana cewa a hankali, "Perrine, kin haukace?" Na zare hannuna. Bastien ya tsaya a gabana, ya dubi farantin a hannun Capucine, ya dube ni.

"Kin ga reshen?"

"Na gani. Kowa ma ya gani."

"Kuma amsar ke nan?"

"Ita ke nan. Allah ya sa alheri."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci zai yi musu, ko ya ji kunya, ko ya ce wani abu da zan kama in yi faɗa da shi. Sai kawai ya ce to, irin to ɗin da ya ce min bara a bakin rijiya, amma wannan karon muryarsa ba ta fito sosai ba. Na juya na ratsa mutane, kaina a sama, ina jin daɗin cewa aƙalla ban zubar da mutuncina ba. Na je can ƙarshen fili na jingina da bakin rijiyar, inda ba mai ganin idona.

A nan wayata ta yi ƙara a jaka, saƙonnin da lungu ya riƙe suka shigo. Kaka ce. Ita da ba ta iya waya ba, hoton da ta turo rabinsa babban yatsanta ne. Sauran rabin bangon bayan gidanmu ne, ga 'yar tagata a sama, ga shingen ƙaya. Na kusa rufewa, sai na ga shuɗiyar igiya. Na buɗa hoton da yatsu. A cikin shingen, daidai ƙarƙashin tagar, akwai reshe ɗaya da ba a ƙasa ya tsiro ba, saro shi aka yi aka ɗaure a ƙusa. Ƙaya ce mai farin fure, ta saje da 'yan'uwanta. A jikin sandarta kuma an ja layi ɗaya rawaya, fentin ko bushewa bai gama yi ba.

Nan ce hanya. Ci gaba.

Na danna saƙon muryar da ke biye, na kara a kunne. Ga kukan kaji, ga Kaka tana dariya har da tari.

"Ke ja'ira, ai na ce lissafin bai cika ba. Sharm ɗin can na kara ne, na baƙuwa. Ga naki nan na tsinto a bayan akurki, sarauniyar ƙaya. Yaron nan ya san halinki tsaf, ya kuma ce ya ji ya gani. To sai ki yanka wa angona da kauri, kar ki yi masa rowar nan taki."

Na ɗago kai. Kiɗa ya tashi, mutane sun yi da'ira, tsakanina da su duk faɗin filin Fada. Capucine ta riga ta yanka, da kauri kuwa, kamar ita Kaka ta yi wa magana. Bastien ya miƙa hannun nan mai fenti a farce ya karɓa, bai kuma waiwayo inda nake ba.